Duwatsun Birnin Delhi da Shaidar da Suke Bayarwa



Galibinmu ta hanyar silima muka fara sanin ƙasar Indiya, har akwai waɗanda suka haddace waƙoƙinta ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. To, amma birnin da ake shirya waɗannan finafinai, wato Bambai, wanda yanzu ake kira Mumbai, yaro ne ɗanye in aka jera shi da Delhi. A kan Delhi nake so in yi magana yau, musamman gine-ginenta da wuraren ibadarta. Maƙasudina shi ne in nuna cewa kowane sarki da ya yi gini a birnin nan ya yi ne don dutse ya faɗi girmansa, amma dutsen yakan faɗi har abin da sarkin bai yi nufin a ji ba: wa aka rushe wa, wa ya sassaƙa, wa kuma ya zo daga baya ya gyara ko ya ɓata.

Tun da daɗewa akwai wanda ya taka ƙasarsu ya taka tamu. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya isa Delhi a wajen 1334, Sarki Muhammadu bin Tuglak ya naɗa shi alƙali, ya zauna shekaru da dama. Shi ne kuma a 1353 ya sauka Takedda, wadda kufanta ke cikin Jamhuriyar Nijar, har ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfe. Hasumiyar da za mu fara da ita ya gan ta da idonsa.

A kudancin birnin, a unguwar Mehrauli, nan labarin yake farawa. A 1192 Muhammadu Gori, daga ƙasar da yanzu take Afganistan, ya ci Sarki Piritbiraj Cauhan da yaƙi a Tarain, ya bar bawansa kuma sarkin yaƙinsa, Kutubuddin Aibak, ya riƙe masa ƙasar. Aibak ya tashi gina masallacin Juma'a cikin gaggawa, wanda aka san shi yanzu da sunan Kuwwatul Islam. A ƙofarsa ta gabas akwai rubutu da ke cewa da kayan haikali 27 aka gina shi, wato wuraren bautar Hindu da na Jain da aka rushe. Ko da babu wannan rubutu, ginshiƙan da kansu sun isa shaida. Duk wanda ya shiga barandar zai ga an ɗora ginshiƙi bisa ginshiƙi don a sami tsawo, kowanne da irin sassaƙarsa: ƙararrawa rataye da sarƙa, tulu mai tumbatsa da ganye, da siffofin mutane waɗanda aka farfasa fuskokinsu. Da farko an shafe su da farar ƙasa, amma da zamani ya yi nisa shafen ya ɓaɓɓake, abin da aka ɓoye ya fito fili.

Wannan ita ce shaida ta farko, kuma ba ta da daɗin ji. Ta biyu tana gaban masallacin, inda aka tsayar da jerin manyan bakuna a wajen 1199. Masu mulkin sun saba da baka mai tsini irin na Farisa, shi suka ce a yi musu. Maginan kuwa 'yan ƙasa ne, kuma a al'adarsu ba a yin baka sai dai a gitta dutse bisa ginshiƙai biyu. Sai suka yi dabara: suka riƙa jera duwatsu a kwance, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, har sassan biyu suka haɗu a sama, kana suka sassaƙe gefen ya yi siffar baka. Wanda ya san yadda maginanmu suke ɗaura azara, kowace ta ɗan wuce ta ƙasanta, har a sami bakan gizo irin na tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina, ba zai sha wahalar gane wannan dabara ba. Baka na ainihi kuwa, wanda ake yanka kowane dutse kamar kan gatari, su matse juna, na tsakiya ya kulle su, sai da aka shekara wajen ɗari kafin hannun maginan Delhi ya faɗa da shi. Ana ganinsa cikakke a ƙofar Alai Darwaza, wadda Sarki Ala'uddin Kalji ya gina a 1311. A jikin bakunan farkon nan an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani, reshen furen bado yana nannaɗe da haruffan. Malami ya tsara rubutun, masassaƙi Bahinde ya ƙawata shi da abin da ya gada. A ganina daga wannan bango aka haifi ginin da duniya ta sani da na Musulmin Indiya.

Hasumiyar kanta, Kutub Minar, tsawonta ya ɗara mita 72 kaɗan. Don ku kwatanta, ta Agadas mita 27 ce. Faɗinta a gindi ya wuce mita 14, a can ƙoli kuwa bai cika mita 3 ba. Aibak hawa na farko kaɗai ya gama, surukinsa Iltutmish ya ƙara uku, sa'an nan da aradu ta faɗa mata a 1369 Sarki Firuz Shah Tuglak ya gyara saman, ya mayar da ita hawa biyar. Ban da rubutun Larabci mai ambaton sarakuna, akwai ƙananan rubuce-rubuce da baƙaƙen Nagari waɗanda maginan suka bari, ɗaya ma yana ambaton Bishwakarma, abin bautar masu sana'a a addinin Hindu. Tana da matakala 379, amma an hana hawa tun Disamba 1981, lokacin da wuta ta ɗauke, aka yi turmutsitsi, mutane fiye da 40 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta.

Abubuwa biyu a harabar sun cancanci a tsaya a kansu. Ɗaya wani turken ƙarfe ne mai tsawon mita 7 da nauyin fiye da tan 6, wanda aka ƙera tun zamanin Sarki Candragupta na Biyu, wajen shekara ta 400, aka kawo shi nan daga wani wuri. Har yau tsatsa ba ta cinye shi ba, domin yawan sinadarin fosfaras da ke cikin ƙarfen ya sa wata siririyar fata ta rufe shi tana kare shi. Na biyun kuwa wani ƙaton kututturen gini ne mai tsawon mita 24 da 'yan kai. Ala'uddin Kalji ne ya yi niyyar gina hasumiyar da za ta ninka ta Aibak, ya rasu a 1316, ba wanda ya ƙara ɗora ko dutse ɗaya. Ma'aikatan da ke cikin zauren nan sun san irin wannan aiki.

Kada a ɗauka zancen haikali 27 ya zama tarihin da aka binne. A ƙarshen 2020 wasu suka shigar da ƙara suna neman a ba su damar yin bautar Hindu da ta Jain a cikin harabar. Kotu ta kori ƙarar a 2021, masu ƙara suka ɗaukaka. Akwai dokar da majalisar Indiya ta yi a 1991, wadda ta ce kowane wurin ibada zai ci gaba da zama na addinin da yake a ranar 15 ga Agusta 1947. Masu hikimar wannan doka sun gane cewa a ƙasar da kusan kowane tsohon gini yake zaune bisa kufan wani, in aka ce kowa ya tono nasa, ba ranar gamawa. Ni dai ina ganin musun cewa an yi rushe-rushen ƙarya ne, ɗaukar fansa a kan jikokin jikoki bayan shekara 800 kuma zalunci ne. A Mehraulin nan dai ake bikin masu furanni kowace shekara, inda ake kai mafitan fure hubbaren Shehu Kutubuddin Baktiyar Kaki da kuma haikalin Yogmaya, Musulmi da Hindu tare. Da aka lalata hubbaren a rikicin 1947, Mahatma Gandi ya sa batunsa cikin sharuɗɗan karya azuminsa na ƙarshe, ya kuma ziyarce shi ranar 27 ga Janairu 1948, kwana uku kafin a harbe shi.

Daga nan sai mu nufi arewa, unguwar Nizamuddin. Sunan ta samo ne daga Shehu Nizamuddin Auliya, babban shehin ɗariƙar Cishtiyya, wanda ya rasu a 1325. Ya yi zamani da Sarki Giyasuddin Tuglak, wanda ya gina birnin Tuglakabad mai ganuwar dutse tsawon kilomita kamar 6. Ana ba da labari cewa sarkin ya hana leburori yi wa Shehu aikin rijiya mai matakala, sai suka riƙa yi masa da dare. Da sarki yana dawowa daga yaƙin Bengal da niyyar hukunta shi, almajirai suka ce ya gudu, Shehu ya ce musu Delhi na da nisa tukuna. Kafin sarki ya shigo gari, rumfar da aka kafa don taryarsa ta rufta masa, ya mutu. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, abin da ido ke gani shi ne Tuglakabad kufai ne, birai ke yawo a kai, hubbaren Shehu kuwa bai taɓa rabuwa da jama'a ba. Lungun shiga cike yake da masu sayar da furen wardi da turare, kuma da maraice, musamman daren Juma'a, mawaƙan kawwali sukan zauna a tsakar gida suna bege, Hindu da Sik na cikin masu saurare. Kusa da shi aka binne almajirinsa, mawaƙi Amir Kusrau, wanda bai cika shekara ba bayansa. Saboda neman albarkar maƙwabtaka da Shehu, manya suka yi ta gina kaburburansu a kewaye.

Mafi girmansu shi ne na Humayun, sarki na biyu a daular Mugal. A 1556 yana saukowa daga ɗakin littattafansa ya ji kiran salla, ya yi niyyar durƙusawa, rigarsa ta harɗe shi, ya gangaro daga matakala, bayan 'yan kwanaki ya cika. Matarsa Bega Begum ta tsaya a kan aikin, magini Mirak Mirza Giyas, mutumin Farisa, ya tsara, aka gama wajen 1572. An ɗora ginin bisa wani faffaɗan dandamali a tsakiyar lambu, hanyoyin ruwa sun raba lambun gida huɗu, ishara ga ƙoramun Aljanna. Jikinsa jan dutse ne da aka yi wa layi da farin mabul. Ƙubbarsa biyu ce, wata cikin wata: ta waje doguwa don a hango ta daga nesa, ta ciki gajera don kada ɗakin ya zama kamar rijiya. A gefen ƙubbar akwai 'yan rumfuna masu kama da laima, waɗanda aka aro daga ginin sarakunan Rajput. Tagoginsa dutse ne da aka huda kamar rariya, iska ta shiga, zafin rana ya tsaya waje. Wanda ya ga wannan ya ga kakan Taj Mahal, wanda Shah Jahan ya fara ginawa a Agra shekara 60 bayan haka.

Shah Jahan ɗin ne ya gina abin da yanzu ake kira Tsohuwar Delhi. Ya fara fadarsa, Lal Kila, wato Jar Ganuwa, a 1639, ya tare a 1648. An jawo ruwa ya riƙa gudana ta tsakiyar ɗakunan, bangaye kuwa an dasa musu duwatsu masu launi cikin mabul, aka fitar da furanni da tsuntsaye. A bayan karagar zauren taron jama'a akwai wani ɗan allo da aka yi a Italiya, mai hoton Ofiyus na tatsuniyar Girka yana kaɗa wa namun daji garaya. Babban masallacin, Jama Masjid, an gina shi bisa tudu tsakanin 1650 da 1656. Ana hawa ta manyan matakalai daga ɓangare uku, a shiga farfajiyar da ke ɗaukar mutum wajen 25,000, da kududdufin alwala a tsakiya, ƙubba uku, da hasumiya biyu masu tsawon mita 40. Daga Bukara aka ɗauko limaminsa na farko, zuriyarsa ce kuma ta gaji limancin.

Amma in mutum yini ɗaya kaɗai yake da shi a Delhi, shawarata ita ce ya bi titin Candni Cok da ƙafa, daga ƙofar fada zuwa yamma. Jahanara, 'yar Shah Jahan, ita ta tsara shi. Tafiyar ba ta kai kilomita 2 ba. Da farko zai tarar da jan haikalin mabiya Jain, waɗanda addininsu ya hana kashe ko da ƙwaro, shi ya sa suke da asibitin tsuntsaye a harabar. Dab da shi akwai haikalin Hindu na Gauri Shankar, gaba kaɗan cocin Baftis. Sai kuma Sis Ganj, wurin ibadar Sik, wanda aka gina a daidai inda aka fille kan shugabansu na tara, Guru Teg Bahadur, a 1675 bisa umarnin Sarki Aurangzeb. Baƙo zai tuɓe takalmi, ya wanke ƙafa, ya rufe kansa, kuma kada ya shiga da taba. A ciki ana dafa abinci kyauta kowace rana, gurasa da miyar wake, kowa ya zauna ƙasa a sahu ɗaya, ba a tambayar addini ko asali. A ƙasar da aka gaji rarrabe mutane tun daga haihuwa, har wani ba ya cin abin da wani ya taɓa, wannan zama a sahu ɗaya babbar magana ce. Jikin Sis Ganj akwai ɗan ƙaramin masallaci mai ƙubbobin zinariya, inda Nadir Shah na Farisa ya zauna a 1739 sojojinsa suna karkashe mutanen gari, kafin ya tafi da karagar ɗawisu da lu'ulu'un Kohinur. Titin ya ƙare a masallacin Fatehpuri.

Masu yi wa baƙi jagora suna son nuna titin nan a matsayin alamar zaman lafiya, kuma da gaskiyarsu, gama addinai biyar suna ibada kafaɗa da kafaɗa. Sai dai birnin nan ne aka kashe Sik kusan 3,000 a 1984 bayan kisan Indira Gandi, a nan ne kuma rikicin 2020 ya ci rayuka fiye da 50.

Babbar ɓarnar da aka yi wa Tsohuwar Delhi ta zo ne bayan tawayen 1857. Turawan Ingila suka kama sarkin Mugal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, a kabarin Humayun inda ya fake, suka yi masa shari'a a cikin fadarsa, suka kai shi Rangun, can ya rasu a 1862. Suka rushe mafi yawan gine-ginen da ke cikin Lal Kila, suka kafa barikin soja, waɗanda har yau suna nan. Suka share unguwannin da ke kewaye, har da masallacin Akbarabadi. Jama Masjid aka zuba soja a ciki, sai 1862 aka mayar wa Musulmi. Fatehpuri kuwa gwanjonsa aka yi, wani attajiri Bahinde mai suna Lala Cunnamal ya saya, bai rushe shi ba, har gwamnati ta karɓa ta mayar wa masu shi a 1877. Allon Ofiyus ma an kwashe shi zuwa Landan, sai a zamanin Gwamna Janar Kazon aka dawo da shi.

Su Turawan ma sun yi nasu ginin. A 1911 Sarki Joji na Biyar ya ba da sanarwar mayar da hedkwata daga Kalkata zuwa Delhi. Edwin Lutyens da Herbert Baker suka tsara Sabuwar Delhi, aka buɗe ta a 1931. Lutyens ba ya ganin ginin Indiya da gashi, amma zafin ƙasar da matsin manyansa suka sa ya ari faffaɗar inuwar dutse da tagar rariya da 'yan rumfunan laima. Gidan da ya gina wa Gwamna Janar yana da ɗaki 340, kuma shekara 16 kacal bayan buɗe birnin aka sauke tutar Ingila, daga bisani ya zama fadar Shugaban Ƙasar Indiya. Ginin wuraren ibada bai tsaya ba. Haikalin Lakshminarayan, Gandi ya buɗe shi a 1939 da sharaɗin ba za a hana kowa shiga ba saboda asalinsa. Na mabiya Baha'i, mai siffar furen bado da ganye 27 na farin mabul, an gama shi a 1986, babban haikalin Akshardam kuma a 2005.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar masu riƙe da fayil. An kafa hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya a 1861, aka yi dokar kare tsofaffin gine-gine a 1904. Wani ma'aikacinta, Maulawi Zafar Hasan, ya bi lungu-lungu ya lissafa gini fiye da 1,300 a Delhi, aka buga tsakanin 1916 da 1922. Waɗanda hukumar tarayya take karewa ba su kai 200 ba, da yawa daga cikin sauran kuwa an mayar da su shago ko ɗakin kwana, ko hanya ta bi ta kansu. Waɗanda aka kare ɗin ma ba duka suka tsira daga masu gyara ba. A kabarin Humayun, duk sa'ad da rufin ya yi yoyo a ƙarni na 20, sai a hau a malala siminti. Siminti kuwa ba ya barin gini ya yi numfashi: danshi yakan maƙale a ƙarƙashinsa, gishiri ya taru, dutse ya riƙa ruɓewa. Mu ma mun san abin da yaɓen siminti yake yi wa katangar ƙasa bayan damina biyu ko uku, inda makuba da ta riƙe ta shekaru.

Tsakanin 2007 da 2013 Gidauniyar Aga Khan, tare da hukumar da wata gidauniya ta iyalan Tata, suka yi wa kabarin babban gyara. Kankare kimanin kilo miliyan ɗaya aka farfasa da hannu aka sauke daga rufin. Aka koma kwaɓin farar ƙasa irin na da, wanda ake tsima shi a haɗa da mazarƙwaila da farin ƙwai, aka nemo masassaƙan dutse waɗanda suka gaji aikin. Da aka zo kan tayil masu launin shuɗi da kore na 'yan rumfunan sama, sai aka tarar sana'ar ta ɓace a Delhi. Daga Uzbekistan aka gayyato gwanaye, suka yi ta gwajin ƙasa da wuta har launin ya dace da na asali, kana suka koya wa samarin unguwar Nizamuddin, su ne suka gasa tayil ɗin da ke kan rumfunan yanzu.

Shugaba, a nan zan dakata, don a sami lokacin tambayoyi.